Kafin Ka Hau Jirgin Yawunde Neman Aikin Hulɗa da Jama'a

  Sharhinmu na yau a kan wata sana'a ce da ta shiga bakin matasanmu a 'yan shekarun nan, wato aikin hulɗa da jama'a. Maganar tawa da yaro ko yarinyar da ke Garwa ko Marwa ko Ngaundare ko Kusiri nake, wanda ya ɗaure kayansa yana jiran kawunsa na Birik, wato unguwar Briqueterie ta Yawunde, ya ce masa taho. Shi ma kawun kada ya yi nisa da rediyo, akwai rabonsa a ciki.

Mu a Birik karɓar baƙi ba sabon abu ba ne a wurinmu, da shi aka kafa unguwar. Tun zamanin Jamus fataken Hausawa suke saukowa Yawunde da hajarsu, unguwar kuma ta samo sunanta daga wurin gasa bulo na zamanin Turawa. Har yau, duk safiyar da jirgin Camrail ya iso daga Ngaundare bayan ya kwana yana tafiya, za ka ga mutanenmu sun fito daga tasha da jakunkuna sun tsayar da tasi sun ce Birik, domin kowa yana da ɗan'uwa ko ɗan garinsu a nan. Da can baƙon da ya sauka an san inda za a kai shi. In tela ne, ga shaguna nan jere. In mahauci ne, ga tukubar masu suya. In mai yadi ne, akwai wanda zai ba shi kaya ya gwada hannunsa. Yanzu mun sami wani sabon baƙo. Yana zuwa da kwat guda ɗaya a cikin leda da jakar takardu a hammata. Ka tambaye shi me ya kawo shi, ya ce aikin sadarwa yake nema, yana so ya zama kakakin wani kamfani ko wata ma'aikata. Ka ƙara tambayarsa me mai wannan aikin yake yi daga safe zuwa yamma, sai ya yi murmushi ya ce ai shi Allah ya hore masa baki, tun a makaranta shi ake bai wa lasifika.

To, ɗana, baki kam ni'ima ce, amma shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake nema a wannan aiki. Bari in kai ka wani zauren otel a tsakiyar Yawunde, ranar da wata ƙungiya ta kira taron manema labarai na ƙarfe goma. Wanda kake sha'awar zama, ba shi ne ke zaune a kan babban tebur ba. Ga shi can bakin ƙofa tun ƙarfe bakwai, waya biyu a hannu, rigarsa ta jiƙe. Daren jiya bai yi barci ba sai da ya rubuta jawabin da maigidansa zai karanta, ya rubuta sanarwar da za a raba da Faransanci da Ingilishi, ya zauna ya ƙirƙiro tambayoyi masu zafi da yake jin 'yan jarida za su yi, ya shirya wa maigidan amsarsu. Da safe ya tarar mai buga allon taron ya yi kuskure a sunan baƙo mai jawabi. Lasifika ɗaya ba ta aiki. Ɗan jaridar CRTV ya kira ya ce motarsu ta maƙale a cunkoso, a ɗan jinkirta. Maigida kuwa ya iso ya ce sam ba zai ambaci adadin kuɗin da aka kashe ba, alhali wannan adadin shi ne abin da kowa ya zo ji. Idan an tashi lafiya, maigida ne zai fito a talabijin da daddare. Idan aka yi ɓaranɓarama, to a nan ne za a tuna da sunan wancan na bakin ƙofa. Washegari da asuba zai bi Cameroon Tribune da Mutations da Le Jour shafi-shafi, ya duba Facebook, ya rubuta wa maigida rahoton abin da aka ce game da shi, har da wanda ba zai so ji ba. Rubutu ne kashin bayan aikin nan, sai haƙuri, sai kuma riƙe lambobin wayar mutane da mutuncinsu.

Wannan kuwa ranar zaman lafiya ce. Ainihin ranar da ake sanin mai wannan sana'a ita ce ranar masifa, Allah ya kiyashe mu. Babu wanda ke zaune a garin nan da ya manta Juma'ar 21 ga Oktoba 2016. Da sanyin safiya hanyar mota ta Yawunde zuwa Duwala ta yanke, jama'a suka yi dafifi a tashar jirgin ƙasa, aka ƙara taragai, jirgin ya kauce daga layinsa a Eseka. Hukuma ta ce mutum 79 ne suka rasu, ɗaruruwa suka ji rauni. Haka ranar 24 ga Janairu 2022, lokacin gasar cin kofin Afirka, mutum 8 suka rasu a turmutsitsin ƙofar filin wasa na Olembe, a daren da Kamaru ta kara da Komoros. A irin wannan rana, akwai wani ma'aikaci da wayarsa ba ta daina ƙara, ɗan jarida na kira, uwa na kira tana neman sunan ɗanta, lauyan kamfani na cewa kada a ce uffan, hotuna kuma sun riga sun cika wayoyin mutane. Me zai faɗa a sa'ar farko, bayan shi kansa bai san adadin ba? In ya yi shiru, jita-jita ta cike gurbin. In ya yi gaggawa ya faɗi abin da bai tabbata ba, magana zarar bunu ce. Masu tarihin wannan sana'a sukan ce a kan haɗarin jirgin ƙasa ma aka fara ta a siffarta ta yau: a 1906, da jirgin kamfanin Pennsylvania ya faɗa ruwa a Atlantic City ta Amurka, wani mai suna Ivy Lee ya shawo kan kamfanin ya fitar da sanarwa da kansa, ya kuma bar 'yan jarida su je su gani da idonsu, a zamanin da al'adar kamfanoni ita ce rufa-rufa. Ka tambayi kanka tun kana gida: zan iya tsayawa gaban maigidana in ce masa, ranka ya daɗe, gara mu faɗa da bakinmu kafin a faɗa mana?

Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a littafin makaranta, amma duk wanda ya taɓa shirya taro a Yawunde ya san shi. 'Yan jaridar nan suna ce masa gombo, wato ambulan ɗin da ake miƙawa bayan taro da sunan kuɗin mota. Har akwai waɗanda ake yi wa laƙabi da 'yan jaridar Hilton, domin ba su da ofis sai harabar otel, duk inda aka ce taro suna nan. Ni ba na zagin kowa, na san albashin gidajen jarida da yawa ba ya zuwa a kan kari. Amma kai da kake son aikin hulɗa da jama'a, ka sani kai ne za a ɗora wa rabon wannan ambulan, kai ne za ka riƙe takardar sunaye, kai ne za a tare a bakin ƙofa a ce ba a ga nawa ba. Wata rana kuma za a ce ka ƙara wa wani don ya danne labari. Ina iyakarka? Gara ka yanke wa kanka wannan hukunci a ɗakinka na Garwa, cikinka a ƙoshe, da ka zo ka yanke shi a Yawunde kuɗin haya na binka. Ka kuma sani cewa tun Disamba 2010 ƙasar nan tana da doka a kan laifukan intanet, wadda ta tanadi hukunci ga mai yaɗa labarin da ba zai iya tabbatar da shi ba. Wanda aka damƙa wa shafin Facebook na kamfani, an damƙa masa abin da zai iya kai shi gaban alƙali.

Sai kuma tambayar da yawancin yaranmu ba sa yi wa kansu: wane birni? Suna cewa Yawunde ne kawai saboda a nan kawu yake. Alhali aikin nan ya rabu gida biyu a ƙasar nan. Yawunde garin gwamnati ce. A nan ma'aikatu suke, kusan kowacce da sashenta na sadarwa, a nan ofisoshin jakadanci da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suke, galibi can wajen Bastos, ga Camtel, ga hukumar ƙwallon ƙafa ta Fecafoot a maƙwabciyarmu Tsinga. Aikin nan na takarda ne da ladabin ofis da sanin wanda ake fara gaisarwa, shigarsa kuma sau da yawa ta jarrabawar ɗaukar ma'aikata ce ko doguwar jira. Manyan kamfanonin kasuwanci kuwa, irin su MTN da Orange da Eneo da yawancin bankuna, hedkwatarsu tana Duwala, can kuma kamfanonin talla suka fi yawa. Wanda zuciyarsa ke kan tallata haja da sunan kamfani, ya zo ya tare a Birik, ya sauka a tashar da ba tasa ba. Kada kuma a manta Sodecoton, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ƙasar nan, a Garwa hedkwatarsa take, yana hulɗa da manoman auduga dubu-dubai. Wani yaron ya wuce ta ƙofarsa a kan hanyarsa ta zuwa tasha.

Ga mai son karatun abin, makarantar da aka fi sani ita ce ESSTIC, a Ngoa-Ekelle, ƙarƙashin Jami'ar Yawunde ta Biyu. An kafa ta a 1970 a matsayin makarantar koyon aikin jarida ta ƙasashen yankin nan, Bafaranshen nan Hervé Bourges ne ya fara shugabantarta, daga baya ta faɗaɗa ta haɗa da talla da sadarwar ma'aikatu da ɗab'i da adana bayanai. Da jarrabawar gasa ake shigarta, guraben kuma kaɗan ne idan aka kwatanta da masu nema. Jami'ar Duwala ma tana da sashen sadarwa, makarantu masu zaman kansu kuwa sun yi yawa, wasu na kirki, wasu allon suna ne kawai. Kafin uba ya sayar da sa ya biya, a bincika ko gwamnati ta amince da takardar da suke bayarwa, a kuma nemi wanda ya gama can a tambaye shi ina yake aiki yanzu. Masu tunanin tsallakawa Najeriya su sani can abin yana da ƙa'ida: cibiyar NIPR, wadda aka kafa a 1963, doka ta ba ta iko tun 1990 ta yi rajistar masu wannan sana'a.

To amma ni abin da ya fi damuna ba makaranta ba ce. Wannan sana'a tana cikin 'yan ƙalilan da mutum zai iya gwada su a garinsu ba tare da ya kashe ko sisi ba, sai ga shi ita ce ake tahowa nema ba a taɓa gwada ta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Garwa da Marwa da Ngaundare kowacce tana da tashar CRTV, ga gidajen rediyon al'umma, ga wakilan jaridu irin su L'Œil du Sahel. Ka je ka ce a ba ka sitaj, wato koyon aiki, ko da ɗaukar waya ne da rubuta sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure. A nan za ka ga yadda edita yake jefar da sanarwa mai shafi uku a kwando, ya ɗauki mai layi goma. Wanda bai taɓa zama ɗakin labarai ba, ba zai san abin da zai aika wa ɗakin labarai ba. Ga ofishin magajin gari, ga majalisun yankuna da aka fara zaɓa a Disamba 2020, ga ƙungiyar 'yan kasuwa, ga makarantar Islamiyyar unguwarku da ke shirin saukar karatu, ga ƙungiyar ƙwallon da ba ta da mai rubuta mata ko sakamakon wasa. Ka ɗauki ɗaya ka ce ni zan riƙe muku wannan na wata shida. Ka rubuta takardar gayyata, ka kira 'yan jarida, ka ɗauki hoto, ka amsa wa masu ƙorafi. In an yi kuskure ka ba da haƙuri da sunansu ka ji yadda abin yake a maƙogwaro. Bayan wata shida, ko dai ka gane abin ba naka ba ne, ka tsira da kuɗin jirginka da mutuncinka, ko kuma ka tara abin nunawa. Mai ɗaukar aiki a Yawunde ya gaji da ganin takardar shaidar karatu. Abin da ke sa shi ɗaga kai shi ne a ajiye masa sanarwa biyar da aka rubuta, aka kuma karanta su a rediyo.

A gida kuma za ka gyara harshenka. Ƙasar nan harsunan hukuma biyu ne, an ma yi musu doka ta musamman a Disamba 2019, kuma mai rubuta Faransanci da Ingilishi duka ba tare da tuntuɓe ba yana gaban mai guda ɗaya, ko da wancan ya fi shi digiri. Faransancin hira a bakin shago daban, na wasiƙar da za ta shiga ofishin minista daban. Sannan ga abin da yaranmu suke ɓoyewa kamar abin kunya, alhali shi ne jarinsu: Hausa da Fulatanci, wani ma har da Barbarci ko Larabcin Shuwa. Masu Faransanci a Yawunde ba su ƙirguwa. Wanda zai iya zama a zauren lamiɗo ya san inda zai cire takalmi, ya fito ya shiga taron mata a yi masa bayani ya fahimta, ya koma ya rubuta rahoton da ofishin Bastos zai karanta, irinsa ba su da yawa. Tun da rikicin Boko Haram ya taɓa Arewa Mai Nisa, aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawao a 2013, ƙungiyoyin agaji suke aiki a yankin, kuma kullum suna bukatar mai isar da saƙo ga jama'a da harshensu.

In kana shakkar darajar wannan, dubi abin da ya faru da rigakafin shan inna. A 2003 jihar Kano ta dakatar da allurar saboda jita-jitar cewa an sa mata abin hana haihuwa, mutane kuma ba su manta gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996 ba. Likitoci sun yi bayani, manyan hukumomin duniya sun fitar da sanarwa, abin bai shiga ba. Cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, har da Kamaru. Sai a 2004 aka dawo da rigakafin, bayan an samo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Aikin da ya biyo baya kuwa sarakuna ne da malamai da masu unguwanni da mata masu shiga gida-gida suka yi shi, har aka kai 25 ga Agusta 2020, ranar da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. A ganina ba a yi aikin hulɗa da jama'a da ya kai wannan girma a ƙasar Hausa ba, kuma waɗanda suka yi shi ba su sa kwat ba. Sun san wa ake fara gaya wa magana, da wace murya, a wane lokaci.

Maganar kuɗi ba sai na tsawaita ba, duk mazaunin Birik zai gaya maka. Sitaj a garin nan galibi ba a biya, in an tausaya a ba ka na tasi. Masu gidaje suna neman kuɗin watanni a dunƙule kafin su miƙa makulli. Mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2023 ga ma'aikacin kamfani wanda ba na noma ba sefa 60,000 ne a wata, ka lissafa haya da tasi da abinci da katin waya ka gani. Ka kuma yi hattara da tallan aikin da aka rubuta wa sunan sadarwa mai daɗin ji, ka je ka tarar riga mai tambari ce da laima, a ce ka tsaya bakin titi kana sayar da layin waya, abin da ka sayar shi ne albashinka. Sana'a ce ta halal, amma ba ita ka zo nema ba. 'Yan mata kuma a kula da wanda ake kira aikin tarbar baƙi a wurin taro. A tambayi wa ya shirya, ƙarfe nawa ake tashi, wa zai mayar da su gida. Asusun samar da aikin yi na ƙasa, FNE, yana da ofisoshi a manyan garuruwan Arewa, rajista a can ba ta bukatar tikitin jirgi.

Yanzu na juyo gare ku, iyayena da yayyena na Birik. Ku ne ake kira a waya a ce ga yaro nan zai zo, kunya kuma ta hana ku cewa komai sai Allah ya kawo shi lafiya. Daga nan sai ya shekara yana kwana a shagon ɗinki, da safe ya goge kwat ya fita, da yamma ya dawo ya zauna bakin tukuba ba ya son a tambaye shi. Kakanninmu da suka sauki fatake a unguwar nan ba su tsaya ga ba da tabarma da tuwo ba. Maigida yakan tambayi baƙo me ya kawo, ya duba hajar, ya gaya masa ko kasuwarta na ci, sannan ya kai shi ga mai saye ya tsaya masa. Ku yi wa yaran nan haka. In an kira ku, ku ce ya turo abin da ya taɓa rubutawa ta WhatsApp, ku kai wa wani ɗan unguwa da ke aikin jarida ko ma'aikatar gwamnati ya duba, Allah ya sa muna da su. Ku tambaye shi Yawunde yake bukata ko Duwala. In jarrabawar ESSTIC zai zauna, ya zo ya zauna ya koma gida ya jira sakamako. In kuwa bai taɓa gwada aikin ko na mako ɗaya ba, ku ce masa ɗaki na nan ba zai gudu ba, ya je gidan rediyon garinsu ya yi wata shida tukuna, sannan ya sake kira.